Karanshaf ɗin da ke Kiran Mai Fito

Mun tashi daga Haɗeja ana idar da sallar asuba, ni da yayana a kan babur ɗina. Guzurinmu babbar sifana, da igiya, da 'yar gorar kananzir, da ƙullin garin alli a aljihu. Masu ta kirana suna tambayar ina na shige aka ga garejina a rufe, to ga amsarku. Ba biki na je ba. Karanshaf na tafi nema, kuma abin da na dawo da shi har yanzu yana tokare a ƙirjina.

Ga wanda ba makanike ba, karanshaf shi ne ƙarfen nan mai lanƙwashe-lanƙwashe da ke kwance a tsakiyar inji. Fistin, wato ƙarafan nan masu hawa da sauka, su ke tura shi ya juya, in ya karye inji ya zama gawa. Namu kuwa ba na kowace mota ba ne. Babanmu, Allah ya ji ƙansa, ya bar mana tsohuwar motar nan mai siffar kunkuru, mai inji a baya, wadda iska ke sanyaya ta, ba ta shan ruwa. Da jikinta ya ruɓe sai na ciro injin na ɗora shi a kan ƙarafa, na haɗa masa babban famfo, muka girke shi a bakin kogi ta wajen Auyo. Gonar Yaya tana da nisa da ruwa, ciyawar kachalla ta cinye tsohuwar hanyar ruwan da ke kai mata, ƙananan injinan ban-ruwa kuma ba sa iya turawa har can. Ambaliya ta tafi da shukarsa ta damina kaf. Saboda haka shinkafar ranin nan ita ce tuwon gidansa na shekara, babu wata a bayanta. Ta ɗauki ciki, ta fara fitar da kai, ana tsakiyar zafin bazara, sai karanshaf ya rabe gida biyu.

Ana gobe za mu kama hanya mun leƙa wajen wani mai sayar da kayan gyara a cikin gari. Ya zaro mana sabo fil a kwali, an shafe shi da man kaɗe-tsatsa, kuɗinsa kamar na buhun shinkafa biyu. Mu makanikai muna da gwajinmu: a rataye ƙarfen da igiya, a buga masa sifana. Na ƙwarai, wanda aka ƙera da duka, zai yi ƙara siririya ta daɗe tana yawo a kunne. Na zubi zai amsa a taƙaice ya yi shiru. Na buga wa wannan, ya ce ƙwas kamar an taɓa tsohon kwano. Mai shagon bai ɓoye mini ba, ya ce wani yakan shekara yana aiki, wani ko wata ba ya kaiwa, shi dai ba ya rantsuwa a kan kayan da bai ƙera ba. Na ajiye masa abinsa ina tsaki, na ce ba zan sa wannan tarkacen a injin babanmu ba. Yaya ya dube ni ya ce ni na san ƙarfe, shi ƙasa ya sani, abin da na ce shi za a yi.

An ba mu labarin wani mai injin niƙa a Guri da ke tara gawarwakin irin wannan injin, can muka nufa. Hanyar da farko lafiya lau, daga baya sai ramuka suka fara gaisawa da ƙugunmu. Dama da hagu fadama ce, inda aka samu ruwa kore shar, inda ba a samu ba ƙasa ta tsattsage. Duk gonar da muka wuce mai ruwa sai in ji Yaya ya juya yana kallonta har ta ɓace. Mun tsaya wajen mai shayi, burodin jiya ne amma kuɗin na gobe. Man fetur na kwalba kuwa, mai sayarwar ya faɗi kuɗi na tambaye shi ko da zuma aka gauraya. Bai yi dariya ba, ni ma ban yi ba.

Mai niƙan dattijo ne mai faɗin ƙirji, gari ya yi masa fari har gira, Hausarsa tana karkata irin ta mutanen gabas. Ya karɓe mu hannu bibbiyu, ya sa aka kawo mana burabusko da miyar kuka da busasshen kifi, abincin da ban ci irinsa ba tun rasuwar kakarmu. Yaya loma kaɗan ya yi ya tsame hannu. Daga nan aka buɗe mana wani ɗaki da ke bayan injin, ga ƙarafa nan jibge, kaji sun mai da wajen gidansu.

Karanshaf biyu muka tono. Na farkon tun kafin in ɗaga shi na hango tabon walda a gindinsa, an goge an shafe don kar a gane. Ya taɓa karyewa aka ɗinke shi, irin wannan kuwa ranar da ya ga dama zai watse ya fasa inji gaba ɗaya. Na biyun ya yi kyau a ido, har na fara murna. Na rataye shi na buga, ƙarar ta fito amma da 'yar shaƙewa a ƙarshenta. Sai na wanke shi da kananzir, na goge tas, na barbaɗe shi da garin alli, na sake bugawa. Muna tsaye mu uku muna kallo, wani siririn layi ya jiƙe ya fito a cikin farin allin, daga wuya har kafaɗa. Tsagewa ce, kananzir ɗin da ya ɓuya a ciki ne ya tona ta. Dattijon ya ce wallahi bai san da ita ba, na kuma yarda da shi. Ya ce in ɗauka a rabin kuɗi. Na ce ko kyauta ne ba shi da amfani.

A nan ya kamata mu juya gida. Amma muna wanke hannu dattijon ya ce ya tuna da wani. Shekarun baya ya ba wani mai fito ta wajen Baturiya karanshaf na asali, wanda ya zo da motar tun daga ƙasar da aka ƙera ta, ba a taɓa ko goge shi ba. Na dubi Yaya, ya dubi rana da ta riga ta karkata. Ya ce a hankali:

"Shinkafar nan fa ba ta san muna hanya ba."

Na ce masa ya yi haƙuri, in muka samu wannan mun huta har 'ya'yanmu. A Guri muka kwana.

Hanyar Baturiya ba hanya ba ce, sawun shanu ne da na babura. Yashi ya kayar da mu sau ɗaya, ƙaya ta huda mana taya, muka tura babur cikin rana har wani ƙauye inda mai faci ya caje mu kamar sabuwar taya ya sa. Mun sayi fura wajen wata Bafulatana a gindin giginya, ita ce ta nuna mana inda za mu karkata. Wajen yana da kyau, ba zan ɓoye ba. Ruwa shimfiɗe a tsakiyar rani, bado a kansa, tsuntsaye farare da baƙaƙe iri-iri, masunta suna jan koma. Sai dai kyan bai shige ni ba. Ina kallon ruwan nan mai yawa da ba wanda ya roƙe shi, ina tuna gonar da ke can tana ƙonewa, sai na ji haushin ruwan ma nake ji.

Ba mu kai mashigin mai fiton ba na ji ta. Ƙara ce siririya, doguwa, ta taso ta bi saman ruwa ta ƙi ƙarewa. Na taka birki ba shiri har Yaya ya bugi bayana. Duk tsawon shekaruna a gareji ban taɓa jin ƙarfe ya yi kuka mai tsabta haka ba. Na ce wa Yaya ga shi can, shi ne, ko ban gan shi ba na san shi ne.

A reshen wata tsamiya muka same shi, rataye da igiyar shanu, da guntun rodi a ɗaure a gefensa. Ashe ƙararrawar kiran jirgi ce. Duk wanda ya iso mashigin ya tarar mai fito yana tsallake, sai ya ɗauki rodin ya buga, shi kuma ya jiyo ya tuƙo. Wata mata mai tallar kifi ce ta buga wanda muka ji. Muka tsaya tare da ita har kwalekwalen ya iso.

Mai fiton tsoho ne siriri, idonsa ɗaya ya yi fari. Bayan gaisuwa Yaya ya faɗa masa abin da ya kawo mu, bai ƙara gishiri ba. Tsohon ya ce ya gwada ƙarafa da yawa a reshen nan, har da bakin garma da ƙafar mota, babu wanda muryarsa ke tsallake ruwa in iska ta taso sai wannan. Ya dubi karanshaf ɗin, sa'an nan ya ce:

"Ku kwance shi, 'ya'yana. In dai shinkafa zai shayar, a riƙa kirana da baki."

Ko kwabo bai nema ba. Na kwance igiyar, muka sauke shi a kan buhu, na tsuguna na goge ƙurar da hannun rigata.

Karanshaf yana da wurare masu santsi da muke kira wuya, nan ne yake juyawa a cikin inji, kuma dole su kasance sumul kamar madubi, ko ƙwarzanen farce ba a so. To, mai jiran jirgi in ya ɗauki rodi ina zai buga? Inda ya ga yana sheƙi. Shekara da shekaru kowane fasinja, da mai kifi, da mai kai amarya, da mai ɗauke da mara lafiya, duk a wuyan nan suke sauke hannu. Babu ɗaya da ya tsira. Duk sun lotse, sun yi ramuka-ramuka har ɗan yatsana yana shiga. Ko Kano aka kai shi wajen masu gogewa, kafin a cinye ramukan nan an rage shi ya wuce inda za a samu abin da zai zauna masa. Na zuba kananzir da alli duk da haka, ban san don me ba. Babu tsagewa ko ɗaya. Lafiyayyen ƙarfe ne, kyan muryarsa ne ya kashe shi.

Na zauna daɓas a ƙasa. Wallahi kuka ne ya zo mini, ni da furfura a gemu, na haɗiye shi da ƙyar. Fuskata ta gaya wa Yaya komai. Shi ya ɗaga ƙarfen, shi da tsohon suka mai da shi reshensa suka ɗaure.

Dawowar ba ni da abin faɗa a kanta. Mun iso Haɗeja a gajiye, na koma shagon nan da na yi wa tsaki na ce a ba ni na kwalin. Mai shagon ya miƙo mini. Na rufe gareji na haɗa injin, wanda da ma mun kwaso shi daga bakin kogi, ba tare da na ɗaga kai ba, muka ɗora shi a kura sai Auyo.

Tun daga nesa na san an gama. Duk manomin shinkafa ya san jan-baki, tsuntsayen nan da ke sauka kamar hadari in kai ya fara nono, har sai an wuni ana kaɗa gwangwani ana ihu. Sun yi dafifi a gonakin da ke kusa da kogi. Gonar Yaya kuwa ko ɗaya bai sauka ba. Kawunan sun fito, amma farare ne, a miƙe tsaye, babu nauyin da zai sunkuyar da su.

Na girke injin na ja shi, bugu ɗaya ya tashi. Ruwa ya taho da gudu ya shiga gonar, ƙasa tana sha tana ƙara. Yaya ya nannaɗe wando ya shiga, ya kama kai ɗaya ya matse tsakanin yatsunsa, ya matsa gaba ya kama wani, ya je har ƙarshen gonar ya dawo. Ya buɗe mini tafin hannunsa. Ƙaiƙayi ne zalla. Na kai hannu zan kashe injin, ya riƙe ni.

"Bar shi. Ta maƙwabta ba ta fitar da kai ba tukuna, a juya musu."

Haka aka yi. Na dawo gida ni kaɗai a kan babur, bayana babu kowa.

Masu son in faɗa musu wane karanshaf ya fi, ga abin da na gani da idona. Wanda aka yi wa walda makashi ne, mai tsagewa maƙaryaci ne, na asalin ya ƙare a ƙasar nan, wanda ya rage yana rataye a tsamiya yana kiran jirgi. Na kwalin da na raina kuwa har yau da nake wannan rubutu yana can yana juyawa, yana shayar da gonakin mutane. Wataƙila gobe ya karye, ban sani ba. Abin da na sani shi ne ranar da muka fara ganinsa shinkafar Yaya tana da rai. Na je neman wanda zai kai mu shekara ashirin, alhali kwanaki kaɗan ake nema a wajena.

Yaya yakan shigo gari ranar kasuwa, ya biyo ta gareji mu gaisa, ya tambayi yara, ya tafi. Har yau bai ce mini komai a kan maganar ba. Ina ma ya ce.