Batso a Tsarabar Aljeriya

Duk wanda ya taɓa sauka tashar Madawa da yunwa ya san rumfar Yalwa. In bai san ta da ido ba, ya san ta da hanci. Tuwon dawa take sayarwa da miyar kuka, kuma daddawar batsonta, wadda take haɗawa da hannunta daga 'ya'yan yakuwa, takan riga ta gaida baƙo tun bai sauko daga mota ba. Direbobin kamyo, manyan motocin kaya, sun ce ko an rufe musu ido, da sun ji wannan ƙamshi za su taka birki. Na ce ƙamshi saboda gobe ma can zan ci tuwo.

Haifaffiyar wani ƙauye ce cikin duwatsun Keita. Kakanninta anna ne, amma ita ta tashi ta iske kowa na salla a gidan. Abu guda ya rage musu daga na mutanen da: ba a tambayar baƙo sunansa sai ya ci, kuma wanda ya sa hannu a akushin gidan ya zama ɗan gida. Aure ya kawo ta Madawa. Mijin ya rasu, 'ya'yanta mata suka watsu gidajen mazansu, ta kafa tukunya bakin tasha.

A nan ta fara lura da samarin da ke kwana ƙarƙashin teburan 'yan kasuwa. 'Yan biɗa ne, waɗanda suka tafi neman arziki Aljeriya ko Libiya aka koro su da rigar jikinsu. Sukan ratso hamada lafiya, sai an zo Madawa, ƙauye ya kusa, ƙafa ta ƙi tafiya. Gida suna da shi, iyaye na nan. Fuskar da za su shiga da ita ce babu, don ɗan biɗar da ya sauka ba tsaraba, har yara sai sun yi masa waƙa.

Irin waɗannan samari, in ka ce musu “bawan Allah zo ka ci”, ka kore su ke nan. Yalwa ba ta taɓa cewa haka ba. Wasan kaka da jika take ja da su. Duk saurayin da ta gani ya yi zuru, mijinta ne, kuma ya yi mata laifi.

Haka ta kama Mahfuzu, wani dogon saurayi daga wani ƙauye bayan Tabotaki, wata rana da hantsi yana jingine da tsohuwar taya.

“Kai, maigida! Nan kake laɓe? Ina cefanena?”

Ya waiga bayansa, bai ga kowa ba. “Da ni kike, Inna?”

“Inna? Ji shi! Matarka ce Inna? Ka tahi ka bar ni shekara da shekaru, ka komo awa sandar makiyayi. Taso ka ɗauko min ruwa, ragon miji.”

Ya ɗauko ruwan. Miji kuwa in ya yi aiki ba sadaka ake ba shi ba, tuwonsa ne. Ya ci, ya suɗe akushi, sannan ta tambayi sunansa.

Bai daɗe ba ya koyi ramawa. “Ke tsohuwa, wagga miya taki ko kura ta sansana sai ta yi atishawa.”

“Kurar ta fi ka kunya, ita ba ta neman ƙari.”

Yana faskare, yana wanke tukwane, yana kwana a zaurenta tare da sauran mazajenta, waɗanda ta ce ko sarki bai tara irinsu ba. A hankali labarinsa ya fito. Ubansa ya rasu yana can Aljeriya. Gonar uban tana hannun baffansa Alƙasim, wanda ya faɗa gaban mutane cewa in ruwan shuka ya sauka yaron bai dawo ba, shi zai shuka, kuma wanda ya shuka gona sau ɗaya a ƙauyen nan fitar da shi sai Allah. Uwarsa Habsa na can ita kaɗai. Ga hadari ya fara leƙowa daga gabas.

“To mi kake jira?” in ji Yalwa.

“In shiga da mi? Da tuwonki?”

Yalwa tana da maganin wannan, don ba shi ne na farko ba. Takan haɗa wa yaro tsaraba irin ta can. Ta je wurin wani Buzu mai kayan arewa ta samo bargo mai laushi, da dabinon Aljeriya, da taliya, da shayi. 'Yan tasha kowa ya sa abin da ya samu, wani har da takalmi. Aka wanke Mahfuzu, aka yi masa aski, ya fito kamar wanda jirgi ya ajiye.

Tana ɗaure jakar ne ta tuna da Habsa. Matar da ba ta taɓa gani ba, ta gama takaba ba mai yi mata cefane, me take sa wa a miya? Ta ɗebi curin batso masu kyau, ta naɗe a leda, ta cusa can tsakiyar bargon. Ba ta faɗa wa kowa ba. Ita a wurinta ba a aika yaro gun uwarsa ba abin miya.

Surajo mai kabu-kabu ne ya kai shi a babur ɗinsa na haya, kuma shi ya kawo labarin. An yi guɗa, an shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, maƙwabta sun cika. Jaka ta sha rana a bayan babur tun daga Madawa. Aka fito da dabino, aka yi salati. Aka fito da taliya. Da aka warware bargo, ledar ta faɗo gaban Alƙasim, ba ta kuma buƙaci a gabatar da ita ba.

Alƙasim ya ɗauka, ya sansana a natse. “Ikon Allah. Ashe Larabawa sun hwara batso? Kuma hannun mutanen Keita gare su.”

Surajo ya ce dariyar da aka yi har awaki sun firgita. Wani ya ce dama ya taɓa hango mai kama da Mahfuzu yana wanke tukunya a tashar Madawa. Kafin la'asar yara sun raɗa masa suna Alhaji Batso.

Bai jira ruwan shuka ba. Ya dawo Madawa a ƙafa da kan amalanke, bai bi ta rumfar Yalwa ba. Wani karen mota ya gan shi yana hawa bayan kamyon albasa mai zuwa Agadas. Da ruwa ya sauka, Alƙasim ya shuka gonar.

Ran wata kasuwa, wata siririyar mata ta tsaya bakin rumfar tana jan hanci.

“Ke ce mai batso?”

“Ni ce.”

“Ni ce Habsa, uwar Mahfuzu. Na zaka in yi godiya. Tun da ya shigo na ga wuyanshi ya cika, na san ba Larabawa sunka ciyar da shi ba. Ni ban aike shi neman bargo ba.” Ta gyara lulluɓi. “Yana nan wurinki?”

Yalwa ta tashi ta ɗauko akushi. Ta zuba mata tuwo. Habsa ta sa hannu a akushi, ta ci kaɗan, ta ce miyar ta yi daɗi.

Har yanzu rumfar na nan, mazaje na zuwa suna tafiya, wasu sun koma ƙauyukansu sun yi aure na gaske. Tana haɗa musu tsaraba kamar da, sai dai kafin ta ɗaure jaka takan kira Surajo ya sansana, don ta ce hancinta ya daina jin batso tun tana amarya. In kamyo ya tsaya daga arewa kuwa, takan ajiye mara ta leƙa bayansa. Direbobi kan ce, “Tsohuwa, mazan naki ba su ishe ki ba?”

“Akwai wani rago da ya tahi bai sake ni ba,” in ji ta.