Ɗakin da Sabulu Ya Raba Ni da Shi

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da ranar da na rasa ɗaki a Camberwell ba. A ƙarshen shekarun tamanin ne, ina karatu a Landan, ina raɓe a falon wani abokina, matarsa kuma ta kusa haihuwa. Dole in tashi.

A masallacin Regent's Park na ji labarin wani dattijo ɗan Malesiya, tsohon malamin harshen Malay, yana da ɗakin haya. Ni da tarbiyyar gida, na ce ba a zuwa neman alfarma babu babba. Na ɗauki kawuna, wanda ya zo kwas daga Kano yana zaune a otal, ya yi mini jagora. Da na sani!

Muna shan shayi, dattijon ya ce wa matarsa ta sayo "sabun". Kawu ya ajiye kofi, ya tambaya ko sabulu ake nufi. Aka ce eh. Ya tambayi yadda suke cewa duniya, aka ce "dunia". Alhamis, "Khamis". Nan take Kawu ya yanke hukunci: alhazanmu ne suka koya musu a Makka.

Dattijon ya gyara zama. Ya ce mu da su duk a wurin Larabawa muka ara, su ta hannun 'yan kasuwar teku da malamai. Ya ce tebur ma, "meja", na Turawan Fotugal ne, kalmar harshe kuwa, "bahasa", daga Indiya ta zo. Kawu ya ce shi bai ga shaida ba.

Na taɓa shi, na ce, "Kawu, maganar ɗakin fa?"

"Kai, yi mana shiru, manya na magana."

Raina ya ɓaci matuƙa. Shayi ya huce, aka yi la'asar, aka koma musu, ba wanda ya ko kalle ni.

Da za mu fita, dattijon ya riƙe hannun Kawu, ya ce tun da ya bar koyarwa bai sami abokin hira irinsa ba. Me zai hana ya bar otal ya dawo ɗakin?

Kawu ya waiwayo ya ce, "Ɗan nan, gobe ka yi mini booking ɗin mota." Ni na ɗauko masa akwatunansa.

Tun daga ranar, in buƙata tawa ce, da bakina nake faɗa, kuma kafin a kawo shayi.