Malam Dogara, Mai Sauraron Bango

Idan aka idar da sallar asuba a Ƙofar Gayan, Malam Dogara magini ba ya komawa gida kai tsaye. Sai ya bi lungu yana ƙwanƙwasa bangon mutane da yatsa, ya kara kunne, ya wuce. Ya fi shekara hamsin yana wannan. Matarsa Asama'u takan tsokane shi, wai kowane bango a unguwar sai ya sami gaisuwa kafin ita, kokonsa kuwa ya saba hucewa. Bana gwiwa ta hana shi hawa tsani, ya ajiye aiki, shi ya sa ya dace a faɗi alherinsa tun yana ji da kunnensa.

Masu zaurukan da ya gina sun san halinsa. Ƙasar da ya kwaɓa sai ta kwana bakwai kafin a taɓa ta, ko mai gida zai fashe don gaggawa. Azarar da bai yarda da ita ba kuwa, ko kyauta ce ba ta hawa rufinsa. Da wannan taurin kan ya ciyar da 'ya'ya bakwai, ya aurar da su.

Amma abin da ya fi sa mu alfahari ya faru ne wata bazara, shekara shida da suka wuce. Tun kafin nan surukinsa Aƙilu, mijin autarsa Khairat, ya so ya ƙawata ɗakinta, ya sa aka yaɓe ginin ƙasa da siminti. Ya yi kyau a ido. Ranar sunan ɗansu na uku Malam Dogara ya bi ta bayan ɗakin, hannu ya yi abin da ya saba, sai ya ji bangon yana amsawa kamar ƙwarya. Ya sake ƙwanƙwasawa. Ya gane simintin ya tsage tun bara, ruwa ya shiga ya rasa hanyar fita, ƙasar ciki ta jiƙe ta ruɓe. Ga hadari ya fara haɗuwa, ga 'yarsa da jariri suna kwana a jikin bangon.

Da wani ne, a nan gaban 'yan suna zai tona. Shi kuwa ya haɗiye, don ba ya son ya kunyata suruki a gidansa. Ya koma ya gaya wa Asama'u. Da yamma ta yafa mayafi ta je ta ce ta zo ɗaukar Khairat wankan jego. Mata suka yi ta dariya, wa ya taɓa jin zuwa wanka gida a haihuwa ta uku? Aka ce tsofaffin nan sun cika son auta. Asama'u ta tafi da Khairat da jaririn.

Washegari Malam Dogara ya kira Aƙilu shi kaɗai, ya ba shi guduma ya ce ya ɓantari simintin. Ƙasa ta zubo baƙa, jiƙaƙƙiya, har hannu yana nutsewa. Aƙilu ya durƙusa a gabansa.

"Tashi," in ji Malam Dogara. "Don ka faranta mata ka yi. Muna da lokaci kafin arba'in, mu kama aiki."

Suka rushe bangon, suka tayar da sabo, ana cewa gyaran tarbar mai jego ake yi. Ran arba'in Khairat ta koma ɗakinta. Bayan kwana uku aka yi ruwan da ya kayar da katangu da dama a unguwar, nata ko gezau.

Kai ne, Malam, ka tsare ran 'yarka da jikanka, ka tsare mutuncin surukinka, ba ka bar ɗaya don ɗaya ba. Mun gode, Allah Ya ƙara wa gwiwar nan lafiya. Masu sana'a su koyi wannan: a iya aiki, a kuma iya rufa asiri.

Shekara shida babu wanda ya ji labarin daga bakinsa ko na Asama'u. Aƙilu ne da kansa ya bayar da shi a zaure, ranar da aka taru yi wa tsohon addu'ar ajiye aiki. Da ya gama, ya ce, "Baba, ni na kusa kashe su, amma kai aka yi wa dariya."