Malam Mas'udu Ziblim da Lambar da Ba Ta da Ma'auni

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Maris, 1989, ina bakin aiki a ƙaramin asibitinmu na unguwar Maamobi aka aiko mini cewa Allah ya karɓi ranka, Malam Mas'udu.

Ni ce Zelia, ɗaya daga cikin 'yan matan unguwar Nima da ka koya wa kimiyya kyauta a barandarka ta Kotobabi, har na zama nas. Ko lissafinmu ya fita daidai, in ba mu rubuta ma'auni a gefen lamba ba, sai ka soke. Ka nace mu bambanta mg/dL da mmol/L, ma'aunai biyu na gwajin jini, ƙananan haruffa a wurinsu, babban L a wurinsa. Muna gunaguni a bayan idonka.

Ban manta ranar da aka kawo Mma Kaltume, mai sayar da doya a Kasuwar Malam Atta, a sume ba. Tana da ciwon sukari. Likita ya yi tafiya, ni kaɗai ce. Ɗanta Fatawu ya miƙo sakamakon gwajin jini daga wani ɗakin gwaji a gari, an rubuta 45 kawai. In mmol/L ne, sukarinta ya hau matuƙa, allurar insulin take buƙata. In mg/dL ne, ya faɗi ƙasa, allurar kuma za ta kashe ta.

Fatawu yana ihu: "Sista, ki yi mata allura mana! Mma na mutuwa!"

Na aika a kira ka daga masallaci. Ka duba, ka ce, "Arba'in da biyar na me? Zelia, ajiye allurar nan." Ka ƙi jiran trotro, ƙaramar bas ɗin haya, ka tare tasi zuwa ɗakin gwajin da ciwon ƙafarka. Ni kuwa ina riƙe da wuyan hannun Mma, gumi mai sanyi yana keto mata, ina jin bugun yana nisa. Ka dawo kana haki, tun daga ƙofa kake cewa, "Miligiram ne! Ya faɗi!" Na ɗaura mata ruwan sukari. Kafin la'asar ta buɗe ido tana tambayar wa ke tsaron doyarta.

Malam, har yanzu irin waɗannan takardu suna zuwa. Jiya ma an kawo ɗaya, na juya zan ce a kira ka, sai na tuna. Tsoro ya kama ni, na tsaya ni da mara lafiya, ba wanda zan tambaya.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga uwargidanka Hajiya Zenabu, da 'ya'yanka Imurana da Awabu. Allah ya ba ku haƙuri, mu kuma ya tsare hannuwanmu daga cutar da bayinsa. Amin.