Lahadin da Dattijonmu Ya Tashi Tsaye

A shekarata ta uku a Kuala Lumpur aka ba ni jagorancin nazarin Littafi Mai Tsarki, aka ce in yi magana a kan tarihin farkawa a ikilisiya. Zumuntarmu ƙarama ce, 'yan Kaduna da Filato, ɗalibai da ma'aikata, muna haɗuwa ran Lahadi da yamma a wani ɗaki saman shagon yadi a Brickfields. Mako biyu ina shiri. Na cika takardu da labarin manyan masu wa'azi da filayen da suka cika da jama'a, don ni a sanina farkawa ita ce babban taro da lasifika da ganguna, irin wanda na taso ina gani a gida.

Akwai wata tsohuwa da ke riƙe da makullin ɗakin, 'yar tsaunukan Sarawak. Ba ta jin Hausa, takan zauna a baya har mu tashi. Ranar na yi da Turanci saboda baƙi, da na gama sai ta ɗaga hannu. Ta ce ita ta ga farkawa da idonta tun tana 'yar makaranta, kuma babu wani mai wa'azi da ya zo. Malaminsu ne ya tsaya gaban aji yana kuka, yana roƙon yara su yafe masa. Daga nan abin ya shiga gidaje. Mutane suka riƙa tafiyar yini guda a ƙafa don su je su faɗa wa wani, ni ne na yi maka kaza. Ta ce waƙa da murna sun zo, amma daga baya.

Ina tattara takarduna sai dattijonmu ya miƙe. Injiniya ne, shi ya kafa zumuntar, kowa Baba yake ce masa. Na ɗauka addu'ar rufewa zai yi. Ya riƙe bayan kujera, ya juya harshe zuwa Hausa, ya kira wata yarinya da a da take cikin mawaƙa.

"Maganar da na faɗa a kanki bara, ƙarya na yi," in ji shi. "Ban gan ki da kowa ba. Ni na neme ki kika ƙi."

Matarsa tana zaune kusa da ni. Ni kuwa na san maganar da yake nufi. Bara shi ya kira ni gefe ya ce ya ga yarinyar tana fitowa daga otal da wani mai aure. Ni na kai wa zumuntar mata maganar, wai don mu yi mata addu'a. Ni na ce ta huta da waƙa tukuna. Kuma da uwar saurayinta ta bugo daga Kafanchan tana bincike, ni na ce mata su yi hankali. Aure ya rushe saura wata biyu.

Yarinyar ba ta yi kuka ba. Ta dube shi, ta dube ni, ta ɗauki jakarta ta sauka. Ba wanda ya iya ta da waƙa. Muka watse kowa yana kauce wa idon ɗan'uwansa, abincin da aka sayo a ƙunshe daga shagon mamak yana nan a kan tebur ba a kwance ba.

Kwana uku ina kulle a ɗakina a Sri Petaling. Na fara da jin haushin Baba, sai na ga haushin bai tsaya a kansa ba. Ran Alhamis na hau jirgin ƙasa zuwa Titiwangsa inda take aiki, na jira ta tashi. Muka zauna a bakin tafki. Na shirya dogon bayani, amma abin da ya fito kawai shi ne na cuce ta.

"Anti, shi na san abin da ya sa ya yi," ta ce. "Ke ko sau ɗaya ba ki tambaye ni ba."

Na tambaye ta me zan yi, ta ce in kira matar nan ta Kafanchan. A gabanta na buga, na faɗi komai. Matar ta saurara har ƙarshe, ta ce ɗanta ya riga ya yi aure.

Baba ya sauka daga dattijantaka. Matarsa ta tafi gida Jos ta yi wata huɗu kafin ta dawo. Iyali biyu suka bar zumuntar, suna cewa irin wannan ba a fili ake yinta ba. Yarinyar ta sake zuwa bayan Kirsimeti. Shugaban mawaƙa ya roƙe ta ta koma, ta ce ba yanzu ba. Da aka tashi ta gaishe ni, muka sauko matakala tare, ta kama hanyar tasha.