Rigar Surukina a Jikin Ɗan Kama

Shekarun baya da nisa, tun Turawa ba su naɗe tabarmarsu ba, ina ɗinki a wani ɗan shago da ke jikin gidana a Gwallaga. Ba ni da wani ilimi sai na allo da ɗan yaƙi da jahilci. Abu ɗaya ne ya sa aka san ni a garin Bauchi, wato ni ne na auri 'yar mai gogen nan.

Yaran yanzu ba su san shi ba. A zamaninsa kuwa har Ikko aka kai shi aka ɗauki muryarsa a faifan garmaho. In mai shayi ya ɗora faifan, sai ka ga ɗan dako ya tsaya da kaya a kai har waƙar ta ƙare. Muryarsa siririya ce, tana hawa tana hawa, sai ka ce yanzu za ta tsinke, amma ba ta tsinkewa.

Sai dai mutum ne mai wuyar zama. Yana sha. Ya auri mata da yawa ya sake su. Uwar matata ya bar ta da goyo ya tafi wasa Jos, bai dawo ba sai da yarinyar ta fara tafiya. In aka yi masa kyautar doki, kafin magariba ya kyautar. In kuma ka ɓata masa rai, waƙa ɗaya zai yi maka ka rasa inda za ka sa kanka. Akwai wani mahauci da ya bar garin ɗungurungum saboda zambonsa. Duk cikin 'ya'yansa, matata kaɗai ke zuwa gaishe shi.

Ni ma ban tsira ba. Ni gajere ne, har yau ban ƙaru ba. Ranar bikinmu ya ɗauki goge a gaban jama'a ya ce ya ba da 'yarsa ga tela, ƙafarsa ba ta kai fedar keken ɗinki, sai amarya ta riƙa taka masa. Aka yi dariya har da masu riƙe ciki. Shekara da shekaru in na wuce kasuwa sai wani ya ce, "Tela, yau wa ya taka maka?" In yi murmushi in wuce. Ashe abin na nan kwance a raina.

Abin da nake so a duniya lokacin shi ne kallon 'yan kama, masu wasan barkwanci da kiɗa. Sukan naɗa rawani kamar malamai, su rataya 'yar ganga, su ɗauki waƙar da kowa ya sani su mayar da ita ta tuwo da miya. In na ji suna wasa a ko'ina cikin gari, sai in rufe shago in bar mai riga yana jira. Shugabansu abokina ne tun muna yara, a makarantar allo ɗaya aka zane mu. Shi Allah ya ba shi iya kwaikwayon mutane. In ya kalle ka sau ɗaya, to ya ɗauke tafiyarka da maganarka.

Da siyasa ta yi zafi, surukina ya yi wa wani babban mutum waƙar zambo, aka ɗaure shi. Ya fito a rame, da tari mai ƙarfi a ƙirji. Ya bar sha, amma kuma komai ya bar shi, ba mata, ba gida, 'yan amshinsa sun kama wasu iyayen gida. Matata ta durƙusa ta ce, "Malam, ka taimake ni. Duk abin da ya yi, ubana ne." Na ba shi ɗakin zaure, wanda bango ɗaya ne tsakaninsa da shagona.

Kun san zaman suruki. Ba na cin abinci inda zai gan ni, ba na haɗa ido da shi, ba na ambatar sunansa. Da safe in tsuguna daga nesa in ce, "Baba, an tashi lafiya?" ya ce, "Lafiya lau, Malam Tela." Shi ke nan maganarmu har gobe.

Da mulkin kai ya ƙarato, masu shirya bikin gari suka aiko masa, suka ce suna so ya yi wasa a filin taro ranar murna. Ban taɓa ganin matata cikin farin ciki irin na ranar ba. Ta buɗe adakarta ta fito da rigarsa ta wasa, wadda ta ɓoye tun da aka kama shi. Babbar riga ce shuɗiya mai shafi ja, duk Bauchi an san ta. Gara ta ɗan taɓa gefen. Ta ce, "Ka gyara masa ita da hannunka. Ina so mutane su ga ubana a tsaye ko sau ɗaya ne."

Daga nan kullum da hantsi sai ya rufe ƙofa ya ɗauki goge yana gwaji a hankali. Hannun na nan yadda yake. Muryar ce ta tafi. Yana da wata waƙa da aka fi saninsa da ita, ta wata mace da ta tafi ba sallama. In ya zo wurin da muryar ke hawa, sai ta karye kamar ta ɗan zakara, tari ya biyo baya, ya yi tsaki ya sake daga farko. Da ya fara, ni kuma sai in ɗauke ƙafa daga keke in yi shiru. A hankali na ji yana saukar da waƙar ƙasa, yana neman hanyar da zai kewaye wurin. Ya fara samu ma.

Ana cikin haka abokina ya shigo shagon, ya ga rigar a rataye. Ya riƙe baki.

"Kai gajere, ba rigar tsohon ba ce wannan?"

"Ita ce. Sauke hannunka."

"Ara mini ita gobe da la'asar. Akwai suna a Ƙofar Dumi. Kafin magariba ta dawo."

Na ce a'a. Ya ce, "Au, ka manta wa ya sa ake taka maka keke? Shi ya yi da kai a gaban duniya, kai kana nan kana yi masa ɗinki kyauta. Wasa ne fa, tela. Shi ma ai ɗan wasa ne."

Daga ƙarshe dai na yarda. Da a rigar na tsaya, da da sauƙi. Amma da hira ta yi daɗi, sai na rage murya na ce, "Ai ba ka san wani abu ba." Na kwaikwaya masa yadda muryar ke karyewa, da tarin, da tsakin. Ya sa na maimaita har ya ɗauke. Muka yi ta dariya muna toshe baki, tsohon yana masallaci.

Kashegari na tafi Ƙofar Dumi na samu wuri a gaba. 'Yan kama suka fara da wa'azinsu na ƙarya, wai wanda ya bar ƙanzo a tukunya sai an tambaye shi ranar gobe. Ana ta dariya. Can sai abokina ya ɓace bayan wani zana, ya fito sanye da shuɗiyar rigar, da ludayi a hannu a matsayin goge. Wurin ya ɗauki sowa tun bai buɗe baki ba. Ya karkata kai yadda tsohon yake yi, ya ɗauki waƙar macen nan ya mayar da ita ta kwanon tuwo da ya tafi ba sallama. Da ya zo wurin hawa sai ya karya murya, ya durƙushe da tari, ya yi tsaki, ya ce, "Yara, mu sake daga farko, gidan yari ya ci rabon makogwaro." Mutane suka riƙa faɗuwa a kan juna. Wani a kusa da ni ya ce, "Ashe muryar ta mutu? To wa za su kai mana fili?" Ni ma na yi dariya. Ba zan ɓoye ba, har hawaye na yi.

Sai na ji dariyar tana mutuwa daga baya, kamar ana kashe wuta. Na waiwaya. Ga surukina nan tsaye da 'yar shararsa da sanda. Ashe wanda aka yi wa haihuwar, tsohon makaɗinsa ne, ya zo yi masa barka. Jama'a suka buɗa masa hanya. Ya tako har gaban abokina, ya laluba aljihu ya fito da goro ɗaya ya miƙa masa.

Ya ce, "Yaro, ka iya. Allah ya ƙara basira. Amma ka riƙa tattare gefen, kana jan ta a ƙasa. An sha wahalar gyaranta."

Ya juya ya tafi. Bai kalli inda nake ba.

Rigar ta dawo kafin magariba kamar yadda aka yi alkawari. Na kai ta gidan bugu, na ninke, na ba matata ta kai masa. Kashegari da hantsi na zauna a kan keke ina jira. Ba goge. Kwana na biyu ma haka. Ranar mulkin kai gari ya cika da kiɗa da guɗa, 'yan makaranta na wucewa da tutoci, shi kuwa ƙofarsa a rufe. Masu biki ba su ma aiko a ɗauke shi ba, labari ya riga ya kai musu, sun sami wani yaro mai tashe. Matata ta ci ado tun safe. Ta tsaya a bakin ɗakinsa tana cewa, "Baba, rana tana yi." Ya ce, "Ba ni zuwa." Ta ce, "Don me?" Ya ce, "Ban ga dama ba."

Ta dawo ciki ta cire ɗankwali ta jefar. Ta ce, "Halinsa ne. Haka ya yi wa uwata. Sai ka sa rai da shi ya watsa maka ƙasa a ido." Ina zaune ina ji. Matan unguwa da suka san abin da ya faru ba wadda ta iya gaya mata, gudun kada a ce ita ta kashe aure.

Bayan 'yan kwanaki ya tattara ya koma Zungur wurin ƙaninsa manomi. Matata ko rakiya ba ta yi masa ba.

Sai da aka yi girbi na iya ɗaukar keken hawa na bi shi. Na same shi a gindin tsamiya yana ɓarar gyaɗa. Na tsuguna daga nesa, kaina a ƙasa. Duk maganar da na shirya a hanya ta gudu. Ta ina suruki zai fara? Muka gaisa, muka sake gaisawa. Na ce, "Baba, dama na zo ne a kan..." Ya ɗaga hannu.

"Malam Tela, bar ta. Na yi wa mutane abin da ya fi wannan, har da kai. Rigar kuma tsumma ce." Ya yi tari, ya jira ya lafa. "Abu ɗaya ne. Duk lokacin da na ɗauki goge, sai in ji kekenka ya tsaya. Na ce a raina, ashe akwai sauran mai son ji. Kai nake yi wa gwajin nan."

Da zan tafi ya ƙulla mini gyaɗa ya ce, "Ka kai wa yarinyar. Kada ka gaya mata komai. Ta saba fushi da ni, ba zai yi mata nauyi ba. Fushi da kai ne ba ta saba ba."

Na riƙe wannan magana kamar wata amana, alhali na san mafaka ce na samu. Damina biyu ya ƙara a duniya. A tsawon lokacin matata sau ɗaya ta je Zungur, shi ma ta dawo a ranar. Da ya rasu ta yi kuka, amma kukan mai jin haushi.

Na gaya mata bayan mun aurar da 'yarmu ta fari. Tana tsince shinkafa a tsakar gida, na zauna na faɗi komai, ban rage ba. Na yi zaton za ta yi ihu ko ta nemi takardarta. Ta daɗe tana kallon faifan da ke cinyarta. Sannan ta ce, "Malam, da ka faɗa mini yana da rai, da na je na zauna da shi ko wuni ɗaya ne." Ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Mun zauna tare har Allah ya karɓi ranta, ba ta sake tayar da zancen ba, ban kuma taɓa jin ta ce ta yafe ba.

Ban daina ganin 'yan kama da mutunci ba, sana'arsu ce, abokina kuma abin da na ba shi ya yi aiki da shi. Ni ne dai ban sake iya zama a gaba ba. Abin da ke ci mini rai har yau shi ne tsohon bai yi kuskure ba. Wallahi don ina son ji nake tsayar da keken. Ko a karye, ban taɓa jin murya irin tasa ba. Ina sonta, kuma na ɗauke ta na kai kasuwa don a yi dariyar yamma ɗaya. Duka biyun a zuciya ɗaya suka zauna, ban san yadda aka yi ba.

Wanda ya karanta wannan ya sa su a addu'a, shi da 'yarsa. In da ragowa, ya sa ni.