Kasuwar Alhamis da Baba Tsoho Ke Tsallakewa

Tun ina da cikin ɗana na fari nake fargabar ranar da zai buɗe baki ya tambaye ni mu mutanen ina ne. Wasu mata naƙuda suke tsoro, ni wannan tambayar ce ke hana ni sakewa. A Jidda aka yanke mini cibiya, a nan na yi aure, amma ko mai sayar da burodi ya san mu 'yan Takari ne. Babana ya rasu da wuri, innata kuwa Bahaushiyar Sudan ce, ba ta taɓa taka ƙasar da ake cewa tamu ba. Ni ma karatuna bai yi nisa ba, don haka ku yi haƙuri da rubutun.

Kwanan baya maƙwabciyata ta aiko mini da daddawa, wai wata alhajiya ce ta zo da ita daga gida. Ina kwance ƙullin, ƙamshin ya mayar da ni tsakar gidanmu na unguwar Sa'alaba: ɗakunan katako da langalanga, iskar teku mai ɗanɗanon gishiri, mai jaki yana kiran ruwa a lungu, da Baba Tsoho, kakana na wajen uba, yana yayyafa wa goronsa ruwa.

Goro da asuwaki yake sayarwa a ƙofar masallaci. Wanda ya gan shi ba zai ce ya taɓa zama a majalisar Kaduna ba, amma ya zauna. Yakan ce wakilai uku kaɗai mazaɓarsu ta yi a duniya. Na farko ɗan hakimi ne, dagatai suka taru a zaure suka tura shi, ya je ya dawo da laima da agogo, ba wanda ya ji labarin ya yi magana a can. Na biyu shi ne, farke mai jakuna wanda ba kasuwar da bai kwana ba. A fili aka zaɓe shi, kowa ya ɗaga hannu maƙwabcinsa na kallo. Magana ɗaya ya kai Kaduna, a yi musu gada a kan rafin da ke raba ƙasar biyu in damina ta sauka. Ya yi ta faɗa har aka sa masa suna Mai Gada, gadar kuwa ba ta zo ba.

Na ukun ba ya son zancensa. Wani malamin makaranta ne mai tabarau, sa'an babana, wanda ya kayar da shi a shekarar da aka kawo akwatuna, kowa ya shiga bayan zana shi kaɗai ya jefa ƙuri'a. Baba Tsoho yakan ce mutanen da suka ci tuwonsa ne suka shiga bayan zana suka manta da shi. Kaka, matarsa, sai ta ce daga bakin murhu, ya gode wa Allah da ba a bar mata sun yi zaɓe ba, da ita ce farkon ba mai tabarau, ko ta huta da dafa wa 'yan siyasa. Bayan faɗuwar nan ne ya sayar da jakunansa ya kamo hanyar gabas da iyalinsa.

Sai dai shi a ransa bai sauka ba. Duk lokacin aikin hajji yakan sa babbar rigarsa guda ɗaya, ya kama hannuna mu tafi tashar jiragen ruwa. Yakan tsaya inda alhazai ke fitowa da akwatunan ƙarfe da ƙullin garin tuwo, ya ɗaga murya ya kira sunan mazaɓar. Wanda ya amsa, gidanmu ne masaukinsa. Shi zai kai mara lafiya asibiti, ya yi wa mutum tafinta, ya nemo tsohuwar da ta ɓace. Yakan ce, “A Kaduna suka cire ni, amaryata, ba su cire ni a Jidda ba.”

A hanya yake koya mini ƙasar, kuma da kasuwanni yake koyarwa, don da su ya san ta. Lahadi garin marina, inda hannun kowa shuɗi ne. Litinin bakin rafi, kifi busasshe. Talata tukwane, Laraba daddawa. Daga nan sai ya yi gyaran murya ya faɗa Juma'a. In na ce, “Baba, Alhamis fa?” sai ya ce ranar Alhamis mutanen kirki hutawa suke yi.

Wata shekara hajji ya zo da ɗan sanyi-sanyi, har an yi yayyafi, lunguna duk taɓo. Muka je tasha. Ya kira sunan, ba wanda ya waiwayo. Ya sake kira. Wani saurayi mai rediyo a kafaɗa ya matso, ya gaishe shi da ladabi, ya ce masa ai babu wannan mazaɓar yanzu, tun da sojoji suka hau aka rufe majalisa, aka yanka jihohi, rabin ƙasar ya faɗa nan rabi can.

Na ɗaga kai na dubi Baba Tsoho. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, kamar an yi masa rasuwa. Ya ce, “Halas, shi ke nan, mu je gida.” Muka fara tafiya, ni duk tsorona kada ya faɗi a cikin mutane ban san yadda zan ɗaga shi ba. Can sai ya tsaya, ya gyara hula, ya juya.

“Ina masu cin kasuwar Lahadi ta marina?”

Wata tsohuwa mai ƙwarya a ka ta tsaya cak. Ya kira Litinin, wasu maza biyu suka ajiye kaya. Kafin ya kai Laraba an zagaye mu, kowa na faɗin ƙauyensa. Ya yi gyaran muryar nan tasa zai wuce Juma'a, sai wani mutum da ke zaune a kan akwati, ramamme, tabarau ɗaure da zare, ya ce cikin tari, “Ranka ya daɗe, ka tsallake Alhamis.”

Baba Tsoho ya dube shi, ya gane malamin nan ne da ya kayar da shi. A ranar na gane Alhamis garin mai tabarau ne, garin da ya cika akwatinsa. Na ɗauka Baba Tsoho zai juya baya. Sai na ga ya sunkuya, shi da ya haife shi a shekaru, ya ɗauki akwatin malamin ya ɗora a kafaɗa, ya ce, “Yalla, tashi. Kai ma ɗan mazaɓata ne.”

Da muka isa gida Kaka ta shimfiɗa wa malamin tabarmar da ba ta ba kowa, ta ce ga ƙuri'arta nan ta biya shi yau. Ta kaɗa miyar kuka da daddawar da baƙi suka kawo. Suna cikin ci Baba Tsoho ya tambaye shi, ba tare da ya ɗaga kai ba, gadar fa. Malamin ya ce shi ma ya yi ta faɗa har aka rufe majalisar a kansu, kuma har ranar da ya baro gida da kwalekwale ake ƙetarewa. Suka yi ta dariya har tari ya sarƙe su duka biyun. Shi ya raka malamin Makka, shi ya dawo da shi bakin jirgi.

Daga nan bai ƙara kiran sunan mazaɓar ba, har ya kuɓuce mini, abin da na riƙe kawai yana ƙarewa da “ta Gabas”. Alhamis kuwa ya mayar da ita cikin lissafi, amma kunnena ya riga ya saba da tsallakewa. Bai daɗe ba ya rasu, Kaka ta bi shi.

Yanzu alhazai ta sama suke zuwa, motoci su kwashe su, ba wanda ke tsayawa a bakin tasha yana kiran kowa. An rushe ɗakunan katakon an yi na bulo. Ɗana yana jin Hausa, amma da Larabci yake amsa mini. Ranar da na kaɗa miya da daddawar nan ya yi tambayar da nake tsoro. Na zaunar da shi na ba shi kasuwanni, yana bi da yatsunsa. Na faɗa Juma'a, sai ya riƙe yatsa ɗaya a sama ya ce, “Ummi, Alhamis fa?” Ashe abin da ake sayarwa a ranar bai zauna mini a kai ba.

Don Allah, in a ƙasarku ana cin kasuwar marina ran Lahadi, ta kifi ran Litinin, ta daddawa ran Laraba, ku tambayi tsofaffinku me ake sayarwa ran Alhamis, kuma ko an yi gadar. Ku faɗa wa duk alhajin da zai zo, ya nemi jikar Mai Gada a Sa'alaba. Akwai masauki.